Ƙarfen da Ya Raka Babanku Gida

Kada ku tambaye ni shekara da lamba, ban san ta ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu don ban sani ba. Abin da na riƙe shi ne an riga an cire Katsina daga jiharmu, rikicin nan da ya tashi a Kafanchan ya lafa amma mutane ba su gama kallon juna ta gefen ido ba, jirgin ƙasa kuma ya fara zuwa yadda ya ga dama, yau ka ji kukansa, gobe shiru, jibi shiru. A shekarar ne citta ta yi kyau a gonata ta Kagoma har na rasa wurin shanya, na ari dutsen maƙwabta. A shekarar ne kuma aka yaye Rahila, autarku. Ku da kuka yi boko sai ku lissafa.

Na sa a rubuta wannan ne saboda maganar da ke yawo a gidan nan, wai ni na kori yayanku Ayuba zuwa Kujama a kan wani guntun ƙarfe. Ban kori kowa ba. Ƙarfen dai akwai shi, sunansa altaneta, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na fahimce shi ba, ko a da ko yanzu. Amma yadda abin ya faru ni ce na sani, don ni ce na tsaya a tsakiya.

Babanku Yohanna ya ƙare ƙarfinsa yana zuba gawayi a cikin wutar jirgin ƙasa. Da ya bar aiki ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, ya miƙa wa Ayuba makulli. Ayuba kuwa tun yana ƙarami kunnensa na wajen kiɗa. Ya ɗaura ƙaho biyu na lasifika a kan rufin motar, ya sa kafinta ya ƙera masa manyan akwatuna baƙaƙe, ya samo amfilfaya da rediyo mai kaset, duk ya jona su da batirin mota. Daga nan babu bikin aure, babu godiyar girbi, babu rawar Kirsimeti daga Kafanchan har ƙauyukanmu da ba a kira shi ba. In ya isa fili sai ya tsayar da mota, ya nemo dutse ya ɗora a kan totur, injin yana ta ruri, kiɗa yana ta girgiza ƙasa. Da wannan yake ciyar da matarsa da yaransa. Wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa musun sa ba.

Sai in gaya muku al'adar ƙauyenmu, don wasunku a birni aka haife su. In mutum ya mutu a gari aka ɗauko shi zuwa gida, jama'a na tarar gawa a bakin rafi. Daga rafin nan har a hau tudu a isa ƙofar gidan kakanni, da takun tsohuwar da ta fi kowa tsufa ake tafiya, kuma waƙa ba ta yankewa. Ko na ɗan numfashi ɗaya. In ta yanke, sai a ce mamacin ya tsaya a hanya, akwai abin da ke ransa, ko kuma gida bai karɓe shi ba. A da a kafaɗa ake ɗauka. Da mota ta zo dattawa suka yarda, amma da sharaɗi: motar gawa ba ta ruri, ba ta tsayawa, ba ta wuce tsofaffi. Sannan matar mamaci ba ta buɗe baki tun daga wayewar garin ranar biso har ƙasa ta rufe shi. Ikilisiya ta zo ta tarar da abin haka, ta sauya mana waƙoƙin, ta bar sauran yadda yake.

Ni kuwa kun san ni. Tun kafin in haifi Ayuba ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ba na riƙe littafin waƙoƙi, ba na bukatarsa. Ba a taɓa yanke waƙa a bakina ba.

Da Baba Gambo, wan babanku, ya rasu, mura ta riga ta kama ni, muryata ta dishe kamar ta agwagwa. Ayuba ya ce kada in damu, yana da kaset na 'yan kwaya, mawaƙan wata majami'a. Ya saka, ya ƙure ƙara. Mata suka ga ba za su iya ja da ƙaho ba, sai suka rufe baki suna bi a baya. Mun bar rafi, mun fara hawa, na ji Ayuba yana ɗan tsayawa yana taka totur, injin yana ruri. Wani dattijo ya buga masa ƙofa da sanda.

"Kai yaro, doya ka ɗauko? Cire ƙafan ka!"

Ya cire. Muka ci gaba a hankali. Muna tsakiyar tudu sai muryoyin nan na cikin ƙaho suka fara jan jiki, suka yi kauri kamar kukan saniya, sannan ɗif. Mota ma ɗif. Kafin wata ta tuna cewa tana da baki, kowa ya riga ya ji shirun. Har kukan kurciya na ji a kan ɗorawa. Da hannu aka tura Baba Gambo zuwa gidan ubansa. Ba a gama cin abincin biso ba maganar ta zaga, wai ya tafi da fushin iyakar gona. Matarsa ta daɗe ba ta leƙa kasuwa ba.

Babanku yana cikin masu turawa, da tarin nan nasa da hayaƙin jirgi ya bar masa. Bayan kwanaki, muna zaune a inuwar mangwaro ina kankare citta, sai ya kira sunana.

"Tabita, ke za ki kai ni gida."

"Ni da ba zan buɗe baki ba?"

"Ki zuba muryan a kaset tun yanzu. Ba na son 'yan kwayan wani gari su raka ni. Ke nake so in ji. Kuma kada a tura ni kamar Gambo."

"Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"Ƙirjina."

Na yi masa tsaki, na ce ya tashi ya sha magani. Amma na riga na ɗauka a raina, kuma abin da na ɗauka ba na ajiyewa. Dattawa da aka tambaye su sun sosa kai, suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba, amma tunda bakina zai kasance a rufe, ba su ga abin hanawa ba. Saura mota.

Ayuba ya ce laifin altaneta ne, ta tsufa kuma ta yi ƙanƙanta, dole a sauya. Na ce zan sayar da citta in saya. Ya yi murna ƙwarai, ya rungume ni. Ashe shi da ni ba abu ɗaya muke gani ba. Muka tafi wurin Danladi, mai gyaran wutar mota da ke bayan tasha, wanda kowa ke kira Rewaya. Malam Bitrus, mijin yayarku Saratu, malamin makaranta, ya raka mu don ya karanta abin da aka rubuta a jikin kaya. Danladi ya aika aka ɗauko guda biyu daga shagon masu sayar da kayan Beljiyam, ya dire su a kan benci. Ɗaya ƙatuwa kamar kabewa, ɗaya ba ta kai ta ba. Duk baƙin mai, duk wayoyi a ciki. Ni dai na tsaya da jakata ina kallo kamar an kawo min yara biyu an ce in nuna wanda zai yi hankali in ya girma.

Malam Bitrus ne ya fara yi min bayani, kuma ya yi ƙoƙari.

"Mama, ki ɗauka batir randa ne. Lasifika da injin suna shan ruwa daga ciki. Altaneta kuma ita ce mai ɗebo ruwa tana zubawa. Ranar Baba Gambo masu sha sun fi mai ɗebowa, randa ta ƙafe."

"To a ba ni mai babban tulu."

"Yauwa!" in ji Ayuba. "Ka ji ko, Rewaya? Babban."

Danladi ya goge hannu a wando, ya kalli Ayuba, ya kalle ni.

"Babban yana da kyau, Mama. In an taka mota zai ba da wuta har ya ishi unguwa. Sai dai a silo yana barci."

"Mene ne silo?"

"In injin yana aiki amma ba a taka shi ba. Kamar yadda kuke tafiya da gawa."

"To ƙaramar fa?"

"Shi a silo yana aiki. Amma ko ka taka har ƙasa ba zai ƙara da yawa ba."

Na ce su tsaya. Na ce yaya za a yi babba ta kasa abin da ƙarama ke yi? Tun da nake ban taɓa ganin tulun da ya fi girma ya kawo ruwa kaɗan ba. Malam Bitrus ya duƙa, ya share jikin ƙarafan da hankici, ya ce lambar da ke jikin babbar ta fi ta ƙaramar nesa ba kusa ba, kuma masu ƙerawa ba sa rubuta ƙarya. Sai ya ƙara dubawa, ya ce amma ba su rubuta ko a guje ko a tsaye ake samun lambar ba. Ayuba ya ce ai lamba lamba ce. Danladi ya ce haka ne, Oga Ayuba ya yi gaskiya. Na ce to ba yanzu ka ce tana barci ba? Ya ce shi ma gaskiya ne. Sai ya kawo wata sabuwar magana, wai in aka sauya wani ɗan faifan ƙarfe da bel ke juyawa a kai, mai suna fuli, wataƙila babbar ta farka a silo, wataƙila kuma bel ya riƙa kuka yana tsinkewa, shi bai yi alkawari ba. Na ce a ɗaura ɗaya a gwada, in ba ta yi ba a ɗaura ɗayar. Suka ce ba a yi, sai an yanka mazauninta an yi walda, mai shago kuma ba ya karɓar abin da aka riga aka ɗaura. Na ce a sayi biyun. Ayuba ya yi dariya, ya ce cittata ba ta kai nan ba.

Na fito daga garejin nan kaina yana juyawa. Ni da nake riƙe waƙa mai baiti da baiti ban taɓa ɓata ba, ga maza uku sun yi min magana da Hausa tsantsa na kasa kama bakin zaren. Kuma ba wanda ya yi min ƙarya a cikinsu, abin da ya fi rikita ni ke nan. Washegari na koma ni kaɗai. Danladi ya ce in don gawa ne, ƙaramar. Ayuba ya shigo muna cikin maganar, Danladi ya ce in don rawa ne, babbar. Na ce mota ɗaya ce, Danladi. Ya ce shi ma abin da ke damun sa ke nan.

Hajjo ce ta same ni a tsakar gida na zabga tagumi. Bafillatana ce, daga rugar da ke bayan layin dogo, ta daɗe tana kawo mana nono. Bayan rikici wasu maƙwabta sun yi ta gunaguni, ni kuwa na ce duk wanda ya taya ni goyon Rahila ranar da nake kwance shi zai gaya min wanda zai shigo gidana, ita ce kuwa ta taya ni. Ta sauke ƙwarya, ta ce me ya same ni. Na zayyana mata duka, randa da tulu da silo, har da fuli. Ta saurara tana kaɗa kai kamar ta gane, sannan ta ce ba ta gane komai ba.

"Ni ban san ƙarfe ba, ƙawa. Nagge na sani, saniya. Ina da wata, da damina sai ta cika ƙwarya har ta zuba. Rani na yi, ko ɗigo. Ina da wata kuma, ba ta cika ƙwarya, amma ba ta taɓa hana ni ba."

"Wacce za ki sayar in an matsa miki?"

"Allah ya kiyaye. Ba ko ɗaya."

"Hajjo, ki ba ni amsa."

"To ai ba ni da ita. Ran suna mai cika ƙwarya ce ta fid da ni kunya. Ran da ɗana ya kwanta ciwo da rani kuwa, ƙaramar na tatsa."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ta bar ni inda ta same ni. Sai dai ta sa min wata tambaya a kai. In za ka sayi saniya kana tambayar garken da ta fito. Na koma gareji karo na uku, na ce wa Danladi kowacce daga jikin wace mota aka ciro ta? Ya ce babbar daga irin manyan motocin nan ne masu dogon zango, masu gudu dare da rana. Ƙaramar kuma mai shago ya ce daga motar asibiti ce ta ƙasar Turawa. Na ce shi ke nan. Wadda ta saba tsayawa a ƙofar asibiti tana jiran marar lafiya ta san abin da nake so. Danladi ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya ce wataƙila ma akwai gaskiya a ciki.

Ayuba ya same ni a gida da rana tsaka. Bai zauna ba.

"Mama, ƙaramin ba zai ɗauki akwatuna na ba. Kirsimeti yana zuwa."

"Zai ɗauki ƙaho biyu da muryata."

"A sa babban yanzu. In lokaci ya yi a sauya."

"Wa zai gaya maka lokacin? Ranar za ka tsaya neman mai walda, babanka yana kwance?"

"Mama, Baba bai mutu ba. Ni da yara na muna da rai. Da motan nan muke ci."

Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Abin da na ce kawai shi ne motar ta babanku ce, cittar tawa ce, kuma na yi alkawari. Babanku yana ɗaki yana jin mu, tari kawai yake yi. Aka ɗaura ƙaramar.

To ga inda abin ya ƙara rikicewa. Babanku ya ƙi mutuwa. Tarin ya yi sauƙi, har ya koma zuwa majami'a da ƙafarsa. Kirsimeti ya zo, Ayuba ya kai mota fili, ya jona akwatunansa duka, ya ɗora dutse a kan totur. An ce da farko kiɗa ya tashi lafiya, sai ya riƙa laushi, ganga ta koma kamar ana buga ƙwarya a cikin ruwa. Ya cire akwati ɗaya, ya cire na biyu. Samari suka raɗa masa suna Ayuba Raɗa-raɗa. Wani yaron gari da ya samo janareta ya kwashe bukukuwan. Wani Kirsimetin ya sake zagayowa, babanku yana nan yana cin tuwo. Bayansa ne Ayuba ya rataye makulli a ƙusar ƙofar ɗakina, ya kwashi iyalinsa zuwa Kujama, ya kama tuƙin motar hatsi zuwa Kasuwan Magani. Bai yi min rashin kunya ba. Ya durƙusa ya yi sallama yadda ya kamata. Amma bai kalli idona ba.

Rannan babanku ya kalli motar tana tsaye a ƙarƙashin mangwaro, kaji suna kiwo a inuwarta.

"Tabita, anya? Ga yaro ya tafi, ga ni na ƙi tafiya."

"To ka tafi mana, wa ya riƙe ka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma na yi. Amma da na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunya na rasa abin da na zo ɗauka. In na ce na yi daidai, ga ɗakin Ayuba a rufe. In na ce ban yi daidai ba, ga Baba Gambo ana tura shi a kan tudu. Haka na zauna tsakanin biyun nan wata da watanni.

Kaset ɗin mun riga mun yi shi a majami'a wata ranar Alhamis bayan taron zumunta, ina bayarwa mata suna amsawa. Malam Bitrus ne ya hango abin da ba wanda ya hango. Ya ce fuskar kaset ɗaya za ta ƙare kafin tudu ya ƙare, kuma juya shi shiru ne. Ya tara matan ya ce musu wannan karon ba mai rufe baki, su riƙa amsawa tun daga rafi, in muryata ta tsaya su riƙe amshi har ta dawo. Shi ne kuma yake zuwa yana tayar da motar lokaci-lokaci don kada ta manta aikinta.

Babanku ya yi barci cikin Ubangiji bayan Ista, ruwan farko ya sauka ke nan. Ayuba ya iso da sassafe ranar biso. Ya gaishe ni, ni kuwa bakina ya riga ya rufu. Na ga ya zare makulli daga ƙusa, ya buɗe gaban mota, ya daɗe a duƙe a ciki. Ban san abin da yake yi ba, ba kuma halin tambaya. Aka sa akwatin babanku a baya. Saboda gwiwata aka zaunar da ni a gaba kusa da Ayuba, an lulluɓe ni da zane, ido ɗaya kawai a waje.

A bakin rafi jama'a sun cika. Tsohuwar da za ta ja gaba ta kai shekarun da takunta bai fi na hawainiya ba. Ayuba ya danna kaset, ya ɗage ƙafarsa daga totur. Sai na ji kaina a sama, a kan rufi, ina cewa ga ɗanku nan tafe, ku share masa ƙofa. Mata suka amsa. Ku da ba ku taɓa jin muryarku tana fita bakinku a rufe ba, ba zan iya kwatanta muku ba. Na rasa ko ni ce a mota ko ni ce a ƙaho. Leɓena ya riƙa motsi, na cije shi.

Muna isa daidai ɗorawar nan inda Baba Gambo ya tsaya, wata 'yar jar fitila a gaban Ayuba ta fara ƙyaftawa. Ta kama, ta mutu, ta kama. Na ga gumi a wuyansa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya juyo ba.

"Mama, wuta yana nunawa. In taka kaɗan?"

In ya taka, mota ta yi ruri a kan babansa. In bai taka ba, ban san abin da zai faru ba, don ban san me fitilar ke cewa ba. Ba ni da baki. Sai na fito da hannuna daga cikin zane na ɗora a kan gwiwarsa, na danne. Ban ɗaga ba. A nan ne kuma kaset ya zo ƙarshe, ƙaho ya yi shiru, na ɗauka shi ke nan. Amma matan nan suka ɗaga amshi kamar za su tsaga tudun. Ayuba ya juya kaset da hannu ɗaya, muryata ta dawo ta hau kan tasu. Fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa har ƙofar gida. Mota ba ta tsaya ba, ba ta yi ruri ba, waƙa ba ta yanke ba.

Da ƙasa ta rufe shi aka kwance min zane, maganar farko da na yi wa Ayuba na yi ta. Na ce ya ci abinci? Ya ce, "Mama, hannun ki da nauyi."

Na ɗauka a nan zan huta, in ce ƙaramar ta fid da ni. Ina! Ba a watse zaman makoki ba Danladi ya zo gaisuwa, ya raɗa min cewa shi fa ya sauya fulin nan tun ranar ɗaurawa bai gaya wa kowa ba, kuma a ganinsa shi ne ya yi aikin. Ayuba ya ce sabon batir ya taho da shi daga Kujama, shi ne abin da yake ɗaurawa da safen nan, kuma da batirin nan ko babbar ce a ciki da an kai. Malam Bitrus ya ce muryar mace ɗaya a ƙaho biyu ba ta shan wuta kamar 'yan kwaya da aka ƙure musu ƙara, wataƙila ko tsohuwar altanetar ma da ta iya. Na ce to jar fitilar fa? Danladi ya ce wataƙila waya ce ta saki. Ayuba ya ce ba waya ba ce. Suka kama musu a kan tabarmar makoki har fasto ya yi gyaran murya.

Don haka in kun tambaye ni ko da ƙarfen nan ne babanku ya isa gida, ban sani ba. In kun tambaye ni ko da Ayuba ya zauna a Kafanchan da na sayi babbar, wannan ma ban sani ba. Na san dai an ba ni abu biyu da ban gane ba aka ce in zaɓa, na zaɓi wanda aka ce yana aiki a takun tsofaffi, don a takun tsofaffi za a tafi. Ko yau aka dire min su a kan benci, hannuna can zai nufa.

Mutanen wancan zamanin saura kaɗan. Danladi ya rasu, ɗansa ne a garejin. Su Hajjo sun tashi da shanunsu tun da daɗewa, na yi ta aika tambaya ban sami labari ba, ina sa ta a addu'a da sunanta. Matan da suka riƙe amshi saura biyu, ɗaya ba ta gani. Malam Bitrus yana nan, kunne ya yi nauyi, amma in kuka ɗaga murya zai ba ku nasa labarin, ku saurara, ba zai yi daidai da nawa ba. Motar ta zama ɗakin kaji. Altanetar kuwa na sa an ciro min ita, ita ce ƙarfen nan da kuke tuntuɓe da shi, wanda ke tokare ƙofar madafa. Kaset yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona.

Sai Ayuba. Yana Kujama, kansa ya yi fari fat, jikoki sun kewaye shi. Da ya zo bara ya tsaya a ƙofar madafa, ya duƙa ya ɗaga ƙarfen, ya auna shi a hannu.

"Har yanzu ƙarami ne, Mama."

"Ya kai."

Ya mayar da shi inda yake, ya gyara masa zama da ƙafa. Ya ce in ranata ta zo kada a ba kowa makullin motar da za ta ɗauke ni, shi zai tuƙa. Na ce to ya kula da ƙafar nan tasa, don ranar ba hannun da zai danne ta. Ya ce ya sani. Ya ce a silo za mu tafi.